Kafar kuloraid a tantanin maiƙo: boltejin juyawa ya ƙi zuwa inda lissafi ya nuna

Aminu
Assalamu alaikum. Malamai, ina so a duba mini wani sakamako da ya ƙi zama. Furotin ne da ake kyautata zaton kafar kuloraid ce, wato ramin da kuloraid ke bi ya ratsa tantani, an tsarkake shi an mayar cikin lifosom, ƙananan ƙwallayen maiƙo. Tantanin na shafawa ne, maiƙon POPE da POPG uku bisa ɗaya a narke cikin man dekan, a kan huji mai faɗin 200 µm. An daidaita sifili da KCl 50 mM a ɗakuna biyun da tantanin ya raba, cis da trans, daga baya aka ƙara gishiri a cis ya kai 500 mM, trans ya tsaya a 50. Kafar tana shiga, ana ganin buɗewarta da rufewarta. Sai dai layin kwarara da boltej yana ratsa sifili ne, wato boltejin juyawa, a wajen −5 mV, cis a kan trans. Lissafin Nernst kuwa, mai fitar da boltejin juyawa daga bambancin kaurin gishiri, ya ce in kuloraid kaɗai ke wucewa a ga +59. To kafar ba ta zaɓe ke nan? Ko ma ta ɗan karkata ga fotasiyam?

Dakta Hadiza
Wa'alaikumus salam. Kafin a yanke wa kafar hukunci, elektirod ɗinka a ina suke zaune? Cikin ruwan ɗakunan kai tsaye, ko ta gadar gishiri, bututun nan mai KCl da ke haɗa elektirod da ruwan ɗaki?

Aminu
Kai tsaye ne Dakta. Wayar azurfa mai rufin AgCl, ɗaya a cis ɗaya a trans.

Dakta Hadiza
To ga amsarka nan. Wayar Ag/AgCl ita kanta ma'aunin kuloraid ce, boltejinta yana bin kaurin kuloraid na ruwan da take ciki. Lokacin da ka daidaita sifili ruwan iri ɗaya ne, wayoyin biyu suka soke juna. Da ka ƙara gishiri a cis, wayar cis ta sauka da daidai boltejin Nernst na kuloraid. Abin da amfilifaya ke nuna maka yanzu shi ne boltejin tantani bayan an ɗebe wannan adadin.

Ka lura da inda wannan ya kai mu: tantanin da kuloraid kaɗai ke ratsawa, in aka auna shi da wayoyi tsirara a irin wannan bambancin kauri, sifili cak zai bayar. Wanda fotasiyam kaɗai ke ratsawa kuma zai ba da ninki biyu, a gefen ragi. Saboda haka −5 ɗinka ba alamar rashin zaɓe ba ce. Alama ce ta kafar da ta fi son kuloraid sosai.

Farfesa Kabiru
Haka ne. Sannan ita 59 ɗin ma a gyara ta. Nernst da aktibiti yake aiki, wato kaurin da ke tasiri a zahiri, ba da kaurin da aka auna a sikeli ba. KCl a 0.5 M ana ninka shi da wajen 0.65, a 0.05 M kuma da wajen 0.82. Ke nan 325 da 41, ninki takwas ba goma ba. A 25 °C wannan ya ba da wajen +53 mV. Shi ne iyakar da kafa mai cikakken zaɓe za ta kai, shi ne kuma abin da wayoyinka suka cinye. In aka mayar da shi, −5 ya koma +48.

Zainab
To Farfesa in haka ne ai an gama. Ya ƙara 53 a kan duk abin da ya riga ya auna, ya wuce gaba. Me zai sa ya sake komai saboda gada?

Farfesa Kabiru
Don a san ko kafar ta anayon ce, masu cajin ragi irin kuloraid, ko ta katayon, masu cajin ƙari irin fotasiyam, ƙarin ya wadatar, Malama Zainab. Don a rubuta lamba kuwa bai wadatar ba. Ki saka a lissafin Goldman–Hodgkin–Katz da aktibiti 325 da 41. Juyawa a +48 yana nufin kuloraid ya fi fotasiyam saurin ratsawa sau wajen 35. Juyawa a +40 kuma sau 11 ne kacal. Milibolt takwas ne tsakani, amsar ta ninka uku. Duk yadda aka matso kusa da iyakar Nernst, kuskure kaɗan yake ƙara girma. Waya tsirara kuma tana iya zamewa da milibolt biyu ko uku cikin awa guda ba tare da an ankara ba, musamman in rufinta ya fara goguwa.

Dakta Hadiza
Kuma aikin da zai biyo baya ba zai yiwu da waya tsirara ba. Dole zai jera anayon ya ga wanne ya fi wucewa. Da zarar buromaid ko ayodaid ya taɓa AgCl, fuskar wayar takan koma AgBr ko AgI, domin sun fi shi wuyar narkewa, boltejin ya tafi inda ba ka da lissafinsa. In akwai DTT a ruwan, sinadarin nan da ake kare furotin da shi, shi ma yana cin azurfa.

Malam Bashir
Bari in faɗi yadda ake haɗa gadar, don a nan ake yawan samun cikas.

Aga, garin da ke daskarewa kamar jeli, gram 2 a KCl 3 M mililita 100. A ɗumama ana juyawa har ya yi garau. Tun da zafinsa a cika siraran bututun gilashi da aka lanƙwasa kamar harafin U. Shi ma gilashin a ɗan ɗumama shi, in ba haka ba agan zai daskare a rabin hanya. A ɗaga kowace gada a haske a duba. Kumfa ɗaya ko ƙanƙanuwa ce a jefar da gadar, domin ita ke kawo hayaniyar da za a yi ta nema a wayoyi ba a samu ba. In bakin ya bushe agan ya ja ciki, a karya ƙarshen a sami sabon baki. Ajiya a cikin KCl iri ɗaya, a firji.

Wayoyin kuma su zauna a ƙananan rijiyoyi biyu masu KCl 3 M, gadar ta haɗa rijiya da ɗaki. Don rufe waya, a goge ta da lallausar takardar yashi, a wanke da etanol, a tsoma a bilic na minti 20 zuwa 30 har ta yi toka-toka mai duhu, a ɗauraye sosai. Inda ka hango farin azurfa yana ƙyalli, rufin ya tafi. Kada ruwa ya kai wurin da aka yi soda.

Farfesa Kabiru
Malam Bashir, ban cika son 3 M a gefen da gishirinsa ke da ƙaranci ba. Ɗakin trans mai mililita 1 a 50 mM, in gishirin da ya zubo daga gada ya kai na maikirolita 1 na 3 M, ya ƙara 3 mM ke nan. Kashi shida cikin ɗari, wajen 1.5 mV, kuma kullum a gefe guda, wato yana rage bambancin. Na fi natsuwa da 1 M.

Malam Bashir
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, a KCl zalla na yarda. Amma amfanin 3 M ai shi ne ya danne boltejin mahaɗa, wanda ke tasowa inda ruwan gada da na ɗaki suka haɗu. Fotasiyam da kuloraid kusan gudu ɗaya suke yi a ruwa, 73.5 da 76.3, to in gadar ta fi ruwan ɗaki kauri nesa, su ne ke mulkin mahaɗar. Ranar da zai musanya kuloraid da gulukonet, mai tafiyar hawainiya, gadar 1 M za ta bar masa gyara mai yawa. Maganin zuba shi ne siririn baki, da jiƙa bakin gadar na ƴan mintuna a ruwan aikin kafin a saka.

Farfesa Kabiru
Kowanne aka ɗauka dai a lissafa mahaɗar da lissafin Henderson, a rubuta a bayanin hanya cewa an gyara ko ba a gyara ba. Wannan ne abin da ba na sassautawa a kai.

Zainab
Wata ƙaramar tambaya. Ana daidaita pH da HCl a ruwan 50 mM ɗin?

Aminu
HEPES 10 mM ne ke riƙe pH ɗin, da KOH aka ɗaga shi zuwa 7.4.

Zainab
Madalla, kuloraid bai ƙaru ba. Amma ka saka wannan fotasiyam ɗin a lissafi, domin a gefen 50 ƴan milimola huɗu ko biyar ba abin rainawa ba ne.

Dakta Hadiza
Akwai abin da ya kamata a faɗa game da juyawar da ta gaza Nernst, ko da ba lallai ya shafi Aminu ba. Mun saba cewa in ba ta kai ba, to katayon ne ke bi. A 2004 Accardi da Miller sun saka ClC-ec1 na E. coli a irin wannan tantanin, furotin da kowa ya ɗauka kafa ce tun da aka fitar da siffar ClC ta bakteriya, wato dangin furotin masu ratsa da kuloraid, a 2002. Juyawar ta gaza ta kuloraid, amma ba fotasiyam ke bi ba. Da suka sauya pH na gefe ɗaya sai ta motsa. Ashe mai musanya ne, kuloraid biyu su tafi, furoton (H⁺) ɗaya ya dawo. Juyawarsa ita ce a ninka ta kuloraid biyu, a haɗa da ta furoton, a raba uku. A bambancin Aminu da pH iri ɗaya za ta faɗa wajen +35, kuma kowane mataki ɗaya na pH yana tura ta da kusan 20 mV.

Tunda yana ganin matakala ɗaya-ɗaya na fikoamfiya (pA), kafa ce, don mai musanya ba ya saurin da za a ga ɗayansa. Duk da haka gwajin ba shi da tsada. A sauya fotasiyam da NMDG, katayon mai girma da ke da wuyar ratsa kafa, a gani ko juyawar ta matsa zuwa 53, a kuma sauya pH na trans kaɗai.

Aminu
Na gode ƙwarai. Tunda an zo maganar matakala, ga wata. Tsayin kowanne bai kai 1 pA ba ko a boltej mai nisa da juyawa, hayaniya kuma tana kusan haɗiye shi. Sai an sauke matacin sigina zuwa 100 Hz ake rarrabewa.

Malam Bashir
Hujinka ya yi girma. 200 µm faɗin fili ne na wajen 3.1 × 10⁻⁴ cm². Tantanin dekan yana ba da wajen 0.4 µF a kowane cm², ke nan har 125 pF in ya cika hujin, ko da yake zoben maiƙo na gefe yana rage wani abu. Hayaniyar boltej ta bakin amfilifaya tana bi ta wannan kafasitans ɗin, wato ƙarfin tantani na ajiye caji, ta zama hayaniyar kwarara, tana kuma ƙaruwa da firikwensi. Sauka zuwa 100 µm, kafasitans ya ragu sau huɗu, wajen 30 pF. A 50 µm ƙasa da 10 pF ne. Abin da za ka biya shi ne jira, domin lifosom ba ya saurin haɗuwa da ƙaramin tantani.

Kuma ka riƙa auna kafasitans ɗin a kowane tantani. Igiyar boltej mai hawa da sauka kamar dala, 20 mV daga ƙasa zuwa sama a 25 Hz, gangarenta bolt ɗaya ne a sakan, don haka kowane pA da ka gani pF ɗaya ne. Amsar ta fito murabba'i mai shimfiɗaɗɗen kai. In kan ya karkace, tantanin yana yoyo. In lambar ta yi ƙasa sosai da lissafi, bai gama sirancewa ba, kuma babu kafar da za ta yi aiki a cikinsa. Tantani mai kyau kafin a saka furotin, a 100 mV yoyonsa bai kamata ya kai 1 pA ba.

Sauran kuma sanannu ne: kejin Faraday a rufe, duk wayoyin ƙasa su haɗu a wuri ɗaya, a kashe injin juya ruwa lokacin ɗauka, ruwan gishirin da ya zuba a bayan kofi a goge shi tas.

Zainab
Ko ya bar shafawa gaba ɗaya ya koma naɗewa irin ta Montal da Mueller ta 1972. Babu dekan a tsakiya, kaurin tantanin ya fi kusa da na ƙwayar halitta.

Malam Bashir
Wannan zai gyara kauri, amma ba hayaniya ba. Tantanin da ba dekan ya fi siranta, kafasitans ɗinsa a kowane cm² kusan ninki biyu ne. Sai dai in hujin ya ƙanƙance. Hanyar shafawa tun 1962 da Mueller da Rudin da abokan aikinsu suka fito da ita har yau ba a bar ta ba, saboda tana jure musanya ruwa kuma lifosom yana shiga cikin sauƙi.

Farfesa Kabiru
A kan mataci ina da gargaɗi. Lokacin hawan sigina wajen 0.33 ne a raba da firikwensin yanka. A 100 Hz ke nan 3.3 ms, kuma duk rufewar da ba ta kai wajen 1.8 ms ba ba za ta ratsa rabin tsayi ba, ta ɓace. Mafi muni, kafa mai saurin ƙyaftawa za ta fito kamar tana da wani matsakaicin mataki, ko tsayinta ya ragu, mutum ya rubuta kondaktans, wato sauƙin wucewar kwarara, ƙasa da gaskiya. A ɗauka da matacin Bessel a 1 kHz, a ƙirga samfur a 5 kHz, sannan a tace a kwamfuta yadda ake so. Abin da aka yanke tun a ɗauka ba ya dawowa.

Aminu
Farfesa, wannan ya taɓo abin da nake gani. Matakai uku ne: rufe, ɗaya, biyu, tazararsu daidai wa daida. Sai kuma komai ya yi tsit na sakanni da yawa, sannan su dawo. Kafa biyu ce ta shiga?

Dakta Hadiza
Wannan ai shi ne hoton da Christopher Miller ya bayyana a 1982 daga kafar kifin lantarki na teku, Torpedo, wadda aka yi wa laƙabi da bindiga mai baki biyu. Rami biyu a furotin ɗaya, kowanne wajen 10 pS a kuloraid 200 mM, kowanne da ƙyaurensa mai sauri, sannan ƙyaure ɗaya mai nawa da ke rufe su tare. Ita ce Jentsch da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadonta a 1990, ake kiranta ClC-0.

Gwaji biyu za ka yi, kada ka haɗa su. Na farko a cikin lokacin aiki kaɗai, ban da dogon shirun: auna rabon lokacin kowane mataki. In ramukan biyu iri ɗaya ne kuma ba ruwan wani da wani, p kuma damar buɗewar ɗaya, to rufe zai ci (1−p)², ɗaya zai ci 2p(1−p), biyu zai ci p². Da p 0.7 za ka ga 0.09, 0.42, 0.49. Amma wannan bai raba maka gardama ba, domin kafofi biyu daban-daban ma haka za su bayar.

Na biyu shi ne mai rabawa: dogon shirun. Kafofi biyu masu zaman kansu, in kowace tana da dogon barcinta, za ka riƙa samun tsawon lokaci da ɗaya ce kawai ke aiki, mataki na biyu ba ya fitowa ko kaɗan. In kuwa kullum tare suke ɓacewa tare suke dawowa, kuma a tantani bayan tantani ba ka taɓa ganin mai mataki ɗaya tilo ba, to abu ɗaya ne mai rami biyu.

Farfesa Kabiru
In ya tabbata irin ClC-0 ce, a kula da zafin ɗaki. Ƙyauren mai nawa yana da Q10 na wajen 40, wato saurinsa yana ninka sau 40 in zafi ya ƙaru da digiri 10, digiri biyu ko uku sun isa su sauya tsawon shirun ƙwarai. Ƙyauren mai sauri kuma yana jin kuloraid na waje da pH. Ma'ana bambancin kaurin da ka saka don auna zaɓe shi ma yana taɓa damar buɗewa. Kada a kwatanta damar buɗewa ta 500 da 50 da wadda aka auna a ruwa iri ɗaya.

Zainab
Ni dai kafin a kai ga sanya mata suna, ina so in ji an yi gwajin lifosom marar furotin, wanda ya bi duk matakan, har da sabulun narkarwa da cire shi. Ragowar sabulu yana huda tantani ya ba da abin da ya yi kama da matakala, sai dai tsayinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sannan hanyar nan ƙwaya ɗaya take gani. Ƙazantar da ba ta fito a jel ba tana iya zama ita ce ke ba da siginar. In daga E. coli aka fitar, forin, manyan kafofin fatar bakteriya, irin su OmpF suna biyowa. In daga ƙwayar dabba ne, kafar VDAC na maitokondiriya, wanda a buɗe yake ɗan fifita anayon, ko da yake shi babba ne, wajen 4 nS a KCl 1 M, ba za a rikita shi da 10 pS ba.

Aminu
An yi na marar furotin, shiru ne. Ana shirin gwada DIDS, sinadarin da ke toshe kafofin kuloraid.

Zainab
DIDS shaida ce mai rauni in ita kaɗai ce, tana toshe abubuwa da yawa. A haɗa ta sabuwa a ranar, a kare ta daga haske, don tana lalacewa a ruwa. A gwada DMSO, ruwan da ake narkar da ita a ciki, shi kaɗai a adadi iri ɗaya. A saka a gefe ɗaya tukuna, domin a kafar Torpedo daga gefe guda take aiki, wannan kuma zai nuna maka inda furotin ya fuskanta. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce a sauya amino asid ɗaya a ramin, a tsarkake ta hanya ɗaya, a ga kondaktans ko zaɓe ya sauya.

Dakta Hadiza
Ƙari ɗaya kan maiƙon. POPG yana da cajin ragi, yana korar anayon daga fuskar tantani, kuma korar ta fi ƙarfi a gefen da gishiri ya yi ƙaranci. Yana iya rage kondaktans a 50 mM ya lanƙwasa layin, har a ɗauka halin kafar ne. A maimaita ko sau kaɗan ne a maiƙo marar caji, PE da PC.

Aminu
To bayan an saka gadojin, ta yaya za a tabbatar sifilin da lissafin duk sun zauna daidai, ba tare da an dogara da ita kafar ba?

Farfesa Kabiru
Abu biyu. A ƙarshen kowace ɗauka ka fasa tantanin da bugun boltej, ka karanta boltejin da ke mayar da kwarara sifili. A KCl mahaɗar da za ta samu a hujin ƙarama ce. In ka ga zamewa ta wuce milibolt ɗaya ko biyu, juyawar wannan tantanin ba ta shiga lissafi.

Na biyu, balinomaisin. Sabon tantani ba furotin, 500 da 50 ɗin nan dai, ka ɗiga kaɗan daga wanda aka narkar a etanol. Fotasiyam kaɗai yake ɗauka, don haka juyawarsa ita ce Nernst ta fotasiyam a na'urarka, da gadojinka, da ruwanka. Ya kamata ta faɗa kusa da −53, ko ta ɗan matso wajen sifili saboda KOH ɗin da Malama Zainab ta ambata.

Malam Bashir
A ware masa kofinsa daban. Balinomaisin yana maƙalewa a Teflon da Delrin, wanki ɗaya ba ya fitar da shi, kuma ɗan abin da ya rage zai jawo juyawar kafar kuloraid ɗinka zuwa gefen fotasiyam a tantanin da ya biyo baya.